Tabon da Ke Tafiya Gabas a Taswirar Rumawa

Jama'a, wannan abu a kan idona ya faru, ba wani ne ya ba ni labari ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba, in ma akwai abin da na yi to ragewa na yi. Shekarun baya ne, lokacin ina aikin kafinta a Jidda, a wata warsha da ke can Khumra, kudancin gari, inda ba ka ganin komai sai manyan sito da tireloli da ɗakunan lebura. Aikinmu firam ne, abin da su can suke kira barwaz: a kawo hoto ko ayar Alƙur'ani ko takardar shaidar gama makaranta, mu yanka katako da gilashi mu rufe. Shagon da ake karɓar aikin yana Aziziyya, ga sanyi ga ƙamshin turare, mu kuma muna Khumra muna shan zafi da garin katako. Kafilina, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar, shi ne mai wajen, Mu'allim Salim, mutumin kirki ne amma akwai gaggawa, ko gaisuwa yake yi maka sai ya ƙarasa da "yalla".

A warshar akwai wani tsoho, Baba Adamu, shi ke share wuri ya dafa mana shayi. Bahaushen Sudan ne, jinin mutanen nan da suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su aikin hajji suka yi shekaru a hanya. Hausarsa irin ta da ce, wadda rabona da jin ta tun kakata tana da rai, sai dai ya cakuɗa ta da Larabci. Ni kuwa ɗan Azare ne, bakina ba ya shiru, kullum cikin tsokanarsa nake. In ce masa shayinsa ruwan wankin kofi ne, shi kuma ya ce firam ɗina ko kaza ba za ta yarda a sa hotonta a ciki ba. Abu ɗaya ne ban sake yi masa wasa a kai ba. Wata rana ya ambaci mahaifinsa, ni kuma kamar yadda kowa zai yi na ce Allah ya jiƙansa, sai na ga fuskarsa ta canja, ya ajiye butar shayin ya ce, "La, ya waladi, kar ka ce haka. Yana hanya." Mutumin da ya haura saba'in fa, gemunsa fari fat, yana ce maka ubansa yana hanya. Na ce a raina tsufa ne.

Sai daga baya ya ba ni labarin, yana wanke kofuna, bai ma dube ni ba. Ya ce yana goye a bayan mahaifiyarsa suka taso cikin ayari. Sun yi nisa, sun wuce ƙasar Cadi ko suna cikinta, shi ma bai sani ba, sai kurkunu ya fito wa mahaifinsa a ƙafar hagu, ƙafar ta kumbura har ba ya iya taka ta. Ayari ba ya jiran mutum ɗaya, ga damina tana tahowa. Sai mahaifin ya zauna a gindin wata bishiya da sandarsa ya ce wa matarsa, "Ku yi gaba, ina hanya." Suka yi gaba. Ta zauna a Sudan shekara da shekaru tana tsintar auduga tana jira, daga baya suka tsallako Jidda, ta ci gaba da jira. Ta ƙi yin takaba, ta ƙi a yi sadaka, ta ƙi aure, duk wanda ya tambaye ta ina mai gida sai ta ce yana hanya. Da za ta rasu ta riƙe hannun ɗanta ta ce kar ya kuskura ya yi wa ubansa addu'ar mamaci sai ya iso. Shi kuma ya riƙe maganar uwarsa, abin yana cin sa a rai, don ya san kowane mamaci yana bukatar addu'ar ɗansa, amma bakinsa a ɗaure yake.

To ana nan sai wani likita da ya gina sabon gida ya aiko da akwati cike da tsofaffin taswirori da ya sayo a Turai, yana so a sa masa su a firam ya ƙawata majalisarsa, wato ɗakin karɓar baƙi. Taswirorin daular Rumawa ne. Ni iyakar sanina da Rum shi ne surar da ke cikin Alƙur'ani da kuma Bahar Rum da muka ji a makaranta, amma wallahi da aka buɗe akwatin nan sai da na tsaya kallo. Takarda ce mai kauri, ta yi ruwan ƙasa-ƙasa don tsufa, tana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Baƙaƙen layukan da rubutun inji ne ya buga, amma launin da hannu aka shafa, da burushi da fentin ruwa, har kana ganin inda hannun mai shafawar ya ɗan zarce layi, da inda burushin ya fara bushewa ya koma ya tsomo. Wannan ƙasa ja-ja, waccan rawaya, ta gefenta kore, teku kuma shuɗi mai haske. Mu'allim Salim ya yi ta ja mana kunne kar jiƙaƙƙen hannu ya taɓa su, ko da ruwan alwala ne, don ɗigo ɗaya ya isa ya kwashe launin da ya fi kakanninmu tsufa.

Babbar cikinsu ita ce ta duk duniyar da Rumawa suka sani. Abin da na lura shi ne duk inda mulkinsu ya tsaya, nan mai fentin ya ɗaga burushinsa. Ɓangarenmu, daga ƙasan hamada ya yi kudu, an bar shi fayau babu launi, kamar ba kowa a wurin. Abin ya ɗan ba ni haushi, na ce wato mu ko fenti ba mu samu ba. A cikin filin nan babu komai sai wata kalma da suka warwatsa haruffanta daga yamma har kusa da kogin Nilu, AETHIOPIA, kowane harafi nesa da ɗan'uwansa. A ƙarƙashin harafin T kuma akwai wani ɗan tabo, bai fi ƙwayar gero ba, launin lalle. Mu'allim ya nuna shi da bayan biro ya ce likita ba ya son wannan, in cire shi kafin in rufe. Ba wani aiki ba ne mai wuya, tsohuwar takarda takan yi irin wannan tsatsar, akwai ruwan magani da ake ɗigawa da auduga a kan tsinke, tabon ya dushe. Na ce to, na bar ta a kan babban tebur na ɗora mata ƙarafa a kusurwoyi ta miƙe, na fara da ƙananan.

Da rana Baba Adamu ya kawo mini shayi, ya tsaya a kanta ya daɗe. Bai yi boko ba, bai taɓa riƙe taswira ba. Ya ce, "Ɗana, wannan hoton duniya ne?" Na ce eh, Baba. Ya ce, "To ina gabas?" Na nuna masa gefen dama. Sai ya yi tsaki ya ce wane irin mutane ne za su ajiye gabas a hannun dama kamar kofin shayi, ai gabas gaba ce, shi ya sa ake ce mata gabas. Na yi dariya na ce Baba, haka ake yi, arewa ce a sama. Bai saurare ni ba. Ya goge hannunsa a riga sosai, ya ɗage ƙarafan, ya juya takardar a hankali har gefen damanta ya fuskanci bangon da muke kallo in za mu yi salla, don a Jidda ma gabas muke dubawa kamar a gida. Ya mayar da ƙarafan ya ce, "Yanzu ta zauna, khalas." Na bar ta haka don ba ta tare mini komai ba.

Bayan kwana biyu ko uku na zo zan cire tabon, na ɗauko auduga da kwalbar maganin da Mu'allim ya ba ni, na duba ƙarƙashin T, ba komai. Tabon yana ƙarƙashin H. Na ce lallai ni ne na manta, dama haruffan Turawan da duk kama suke yi. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, sai na ajiye audugar na ɗauki hotonsa da waya. Washegari na kwatanta, ya gusa, kaɗan dai, kamar faɗin farce, amma ya gusa, kuma gabas ya yi. Na ɗauko gilashin ƙara girma na duba ko ƙwaro ne, na hura, na sa farce a hankali. Ba ƙwaro ba ne, ba a kan takardar yake ba, a cikin jikinta yake, kamar yadda lalle ke zama a fata. Inda ya baro kuma tsaf, sai wani ɗan siririn zane a gefensa na hagu da sai ka ƙura ido za ka gani, kamar an ja wani abu a ƙasa.

Na ce bari in gwada. Na ɗauke ta na sa a durowa yadda ta zo, arewa a sama, na rufe, na yi kwanaki ban taɓa ba. Da na buɗe yana nan inda na bar shi, ko motsi. Na fito da ita na shimfiɗa a tebur na juya gabas ɗinta ya kalli gabas, kwana ɗaya tak ya ci gaba. Ban taɓa ganin motsinsa da idona ba, kamar inuwar bango ne, in ka zauna kana kallo ba ka ganin komai, in ka je ka dawo ka tarar ta wuce. Kuma tafiyar ba ɗaya ba ce, yau ya yi nisa, gobe da jibi ya tsaya cik, gata ya ɗan taɓa.

Ina tsaye a kanta wata rana bayan azahar, sauran ma'aikata sun kwanta ƙailula a ƙarƙashin fanka, sai na ji Baba Adamu a bayana yana cewa, "Me ya sa ka kulle shi a durowa kwanakin baya?" Na juyo. Ya ce shi tun ranar farko ya gan shi. Ya matso ya nuna da yatsa ba tare da ya taɓa ba, ya ce, "Ka ga yadda yake tafiya yana hutawa? Ƙafar ce. Ka ga jan nan na hagu?" Ni ba malami ba ne, kuma na san abin da malamai za su ce, wanda ya mutu ya mutu, ba ya yawo a takardar Nasara. Ni ma na faɗa masa haka, na ce Baba mu ji tsoron Allah. Ya ce, "Ni ban ce maka komai ba, ya waladi. Abu ɗaya nake roƙon ka, kar ka sa masa maganin nan sai ya iso." Yadda ya faɗi maganar, murya ƙasa-ƙasa, tsoho yana roƙon sa'an ɗansa, wallahi tsoro bai kama ni ba, tausayi ne ya kama ni. Na ce masa to, Baba.

Daga nan na shiga ja wa Mu'allim Salim rai. Yau in ce takardar ba ta gama miƙewa ba, gobe in ce gilashin da aka kawo yana da karce, jibi in ce katakon bai dace da launinta ba a sake wani. Na gama duk ƙananan, na goge su na sake gogewa. Shi kuma tabon yana ta tafiyarsa, ya wuce haruffan ɗaya bayan ɗaya, ya iso Nilu ya ɗan jima a bakinsa, ya haye, sannan ya karkata ya nufi Bahar Maliya. Baba Adamu ya daina kwanciyar rana. Sai ya jawo kujera ya zauna a gefen teburin da carbinsa, wani lokaci in ji yana magana a hankali, yana faɗin sunayen garuruwan da suka zauna shi da mahaifiyarsa, yana cewa nan akwai rijiya, nan mutanen kirki ne, nan kar ka tsaya. Ni dai ina yankan katakona ina yi kamar ban ji ba. Har kofin shayi ɗaya yake ƙarawa ya ajiye a ƙasa, nesa da takardar, in ya huce ya ba ni in shanye.

Sai tabon ya iso bakin teku, daidai inda shuɗin fenti ya fara, ya tsaya. Kwana ya bi kwana bai motsa ba. Dama ya saba hutawa, amma wannan karon hutun ya yi tsawo, Baba Adamu ya rame a idona, shayinsa ma ya koma ruwan wankin kofi na gaske, amma ban iya tsokanarsa ba. Ana cikin haka Mu'allim ya shigo ransa a ɓace, ya ce likita ya kira shi har sau nawa, an sa ranar buɗe gida, ranar Alhamis da safe za a kai kaya. Ya dubi taswirar ya ga tabon, bai ma lura wuri ya canja ba, shi dai ya ga tabo. Ya ce in ban cire shi zuwa gobe da la'asar ba shi zai zo ya cire da hannunsa, yalla, khalas. Ya fita.

Baba Adamu ya ji komai. Sai ya ce, "Ni ne na yi wauta. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogi ba, ya zo ya tarar da wannan, kuma bai ga kowa nasa a ɗaya gefen ba, ta ina zai shiga? Matafiyi ai tarbarsa ake yi." Ya ce in taimaka in kai shi bakin teku. Ku sani fa Baba Adamu bai taɓa mallakar iƙama ba, wato takardar izinin zama, duk tsawon zamansa a can, shi ya sa daga warsha sai ɗakinsa sai masallaci, ko babban titi ba ya so ya hau don tsoron taftish, wato shingen bincike. In aka kama shi, Sudan za a kai shi inda ba ya da kowa, ni kuma in shiga uku da kafilina. Na faɗa masa. Ya ce ya sani.

Washegari bayan azahar na ɗauki wanet ɗin warsha, motar da muke kai kaya da ita, na ce zan je ɗauko gilashi. Baba Adamu ya fito cikin farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya shafa turare, yana riƙe da gorar zamzam da ɗan dabino a leda. Muka bi ta bayan sito-sito, Allah ya rufa asiri ba mu haɗu da kowa ba, har muka fita wani wuri a kudu inda ba gini ba mutane, sai rairayi da ruwa. Rana tana tsaka, teku a kwance lumui, ko iska babu. Ya cire takalmansa ya taka har inda ruwa ke taɓa yatsu, ya tsaya yana kallon yamma. Ni na tsaya a baya kaɗan, ina jin kunya ina jin tausayi, ina cewa a raina yanzu in wani ya gan mu me zan ce muna yi.

Mun daɗe a haka, har gumi ya jiƙa mini riga. Sai ya ɗaga murya, ba da ƙarfi sosai ba, ya ce, "Baba, ni ne. Ni ne wanda aka goya. Taho, ba zurfi." Ya sake faɗa.

Ban ga kowa ba, wannan ina so ku riƙe, ban ga mutum ba, ban ga inuwa ba, ban ji murya ba. Abin da na gani shi ne Baba Adamu ya matsa gefe ɗaya kamar mai ba wani hanya. Na dubi ƙasa, sai ga sawu a jiƙaƙƙen rairayi, ya fito daga cikin ruwa. Ƙafar dama ta taka sosai, duk yatsun sun fito, ta hagu kuma kan yatsu ne kawai da jan ƙasa a bayansa, a gefe kuma ɗan rami, ɗan rami, irin na sanda. Na rantse da Wanda raina ke hannunSa lokacin da muka zo babu sawun nan, don wurin sumul yake, sawun Baba Adamu kaɗai ne ya shiga. Wannan kuwa fitowa ya yi, ya bi ta tsakanina da shi, ya hau busasshen rairayi ya ɓace, kuma gabas ya nufa. Abin mamaki ƙafata ba ta ce in gudu ba. Wurin ya yi wani irin sanyi-sanyi na ɗan lokaci, kamar an buɗe ƙofar ɗaki mai inuwa.

Baba Adamu ya durƙusa, ya buɗe gorar zamzam ya zuba kaɗan a kan sawun hagun, ya ajiye dabinon a gefe. Na ji ya ce, "Sannu da hanya, Baba. Inna ta riga ka, tana can gaba. Saura kaɗan." Sannan ya ɗaga hannu, hawaye yana bin gemunsa, ya ce, "Allah ya jiƙan ka. Allah ya jiƙan ka, Baba." Ya juyo ya dube ni ya ce, "Yanzu ka faɗa, ɗana." Na ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni ma ban san lokacin da na fara kuka ba.

Da muka koma warsha na wuce kai tsaye wurin tebur. Tabon ya haye, yana gefen gabas na tekun, ya ɗan shiga cikin ƙasa. A cikin shuɗin kuma akwai wani siririn layi mai haske daga wannan gaɓa zuwa waccan, kamar an ja jiƙaƙƙen zare a kan fentin. Kafin la'asar na sake dubawa, babu tabon, babu alamarsa, sai layin kaɗai. Mu'allim Salim ya shigo da niyyar faɗa, ya sunkuya ya duba ya duba, ya ɗago ya dafa kafaɗata ya ce masha Allah, bai taɓa ganin an cire tabo tsaf haka ba, hannuna yana da kyau. Kwalbar maganin tana nan a rufe yadda ya ba ni. Na karɓi yabon.

Da a nan abin ya tsaya da na ce alhamdu lillahi. Amma akwai abin da muke yi kafin mu rufe firam, mukan ɗaga takarda a haske mu duba ko akwai ƙura ko gashi da zai maƙale a bayan gilashi. Na ɗauke ta na je bakin ƙofa na ɗaga ta a hasken yamma. Jama'a, filin nan da na ce an bar shi fayau kamar ba kowa, ashe cike yake. Ƙananan tabo ne dusu-dusu, ba a ganin su sai haske ya ratsa takardar, sun jeru tun daga can yamma, wasu a tare, wasu ɗai-ɗai, wasu manya wasu ƙanana ƙwarai a manne da manyan, duk a kan layi ɗaya, duk sun fuskanci gabas. Na fara ƙirgawa na bari. Ashe mahaifin Baba Adamu shi ne kawai wanda ya fi fitowa, wataƙila don shi ne ake jira. Sauran ban san ko akwai wanda ya rage yana tuna su ba.

Ban gaya wa tsohon ba, na ga ranar farin cikinsa ce, ya riga ya fara maganar sadakar da zai yi. Na rufe firam ɗin. Ranar Alhamis ni aka tura in rataye su a gidan likitan. Mutum ne mai fara'a, ya nuna mini bangon da yake so a sa babbar, na lissafa a raina na ga bangon kudu ne, in na rataye ta a nan gabas ɗinta yamma zai kalla. Na ce masa ya duktur, wannan bangon hasken taga yana dukan sa, launin hannu ne, zai koɗe, gara wancan. Ya yi tunani ya ce na fi shi sani. Na rataye ta a bangon arewa, gefen damanta yana nuna Makka, na sa ƙusa biyu maimakon ɗaya don kar ta karkace.

Baba Adamu ya yi sadakarsa ranar Juma'a, ya dafa asida, irin tuwon Sudan, da miya da hannunsa, duk 'yan warsha muka ci, har Mu'allim. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Babana ya rasu, ka yi masa addu'a," yana faɗa yana murmushi, mutane suna kallonsa suna mamaki. Bayan na dawo gida da 'yan shekaru na ji shi ma ya cika, Allah ya jiƙansa. Hotunan suna nan a tsohuwar wayata, na nuna wa mutane da yawa, wani ya ce kashin ƙuda ne, wani ya ce ni na shirya, na daina nunawa.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne ban san ko taswirar tana bangon nan har yanzu ba. Masu kuɗi sukan sake fenti, sukan sake gida, magada sukan kwashe kaya su zuba a sito, a kife ko a juye. Don haka ina roƙon ku, in kun yi wa iyayenku addu'a ku ƙara da waɗanda suka taso ba su isa ba, ko ba ku san sunansu ba. Wanda kuma Allah ya kai shi wani gida a Jidda ya ga tsohuwar taswirar Rumawa da wani siririn layi a cikin Bahar Maliya, don Allah ya duba ina gefen damanta yake kallo, in ya ga ba gabas ba ne ya nemi dabarar da zai sa a juya ta. Ni dai har yau in na kira wani nawa a waya ya ce mini "ina hanya", sai na ji wani abu ya tsarga mini tun daga ƙeya har tafin ƙafa, kuma ba na iya zama a ɗaki, sai in fita ƙofar gida in tsaya har ya iso.